Ɗoɗɗoyar Bakin Randa

Ni ce ɗiyar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a Adar ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. In tana son ruwa sai ta ce "ke", in tana maganata da wani sai ta ce "waccan". Ba ta yaba mini, ba ta yi mini faɗa, ba ta zama tabarma ɗaya da ni in da baƙi a gida. Kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar ana yi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, uwar Inna, a wani ƙauye kusa da Barmu, ban dawo hannun iyayena ba sai da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko. Na san al'ada ce. Ni da kaina na yi shekara da shekaru gaban allo ina gaya wa yara su girmama abin da suka tarar. Amma wallahi na haura hamsin ina jiran kalma ɗaya tak daga bakin tsohuwar nan, ta ce na iya wani abu.

Da babanmu ya rasu, autanmu ya je ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa nan garin Tawa. Ya daɗe yana cin rani a Abijan kafin ya dawo ya buɗe shago ya yi aure. Ni gidan mijina yana wata unguwa, tafiyar rabin awa a ƙafa in ba ka tsaya gaisuwa ba. Ranar da ta iso ina can ina jira. Aka sauke akwatin ƙarfe, aka sauke ƙorai da tabarmi, ita kuma ta sauko riƙe da gwangwanin tumatir da ta rungumo tun daga ƙauye, ta hana kowa ya karɓa mata. Ɗoɗɗoya ce a ciki, ƙafa uku. Ko ruwa ba ta sha ba sai da aka samo mata fasasshiyar tukunya aka girke kusa da randa, inda ruwa yake ɗiga, ta dasa abarta da hannunta.

Ɗoɗɗoya iri-iri ce, kowa ya sani. Akwai ta daji mai fitowa da kanta in an yi ruwa, wadda ake karya reshenta a kaɗa a ɗaki saboda sauro. Akwai babba mai faɗin ganye da take zama kamar ƙaramin icce, ita ake dafawa a yi sirace in mura ta kama mutum. Ta Inna ba ɗaya daga cikinsu ba ce. Ganyenta ƙanana ne ƙwarai, karanta ja ne mai duhu, in ka murza tsakanin yatsu ƙamshin kanumfari take yi, har yamma yana hannunka. Ganye biyu sun isa tukunyar shayi. Irin na kakata ne, ita ma wajen tata uwar ta samu. Na tashi ina ganinta a bakin randar kakata, amma lokacin yarinya ce ni, mene ne haɗina da wani ganye.

Inna tana da yadda take yi da ita, kuma ba ta canzawa. Ruwan fari in ya sauka sai ta kwance wani ɗan tsumma, ta watsa irin duka a tukunya, ba ta rage ko ƙwaya. In sun fito ta cire raunanan ta jefa a miya, ta bar uku. Ƙarshen damina sai ta bar su su yi fure, furen ya bushe ya yi ja, ta murje a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin a faifai, ta ƙulle baƙin irin a tsumman nan ta rataye a ƙusa. Ganye kam tana bayarwa, ko wa ya roƙa. Iri kuwa, ko kusa. Mata nawa suka roƙa ta ce musu sai wani jiƙon. Ni ma na taɓa roƙa sau ɗaya, ta juya kai wajen bango ta ce ba yanzu ba. Ban sake ba, ni ma ina da zuciyata.

To, matar autan namu. Yarinya ce 'yar Takanamat, uwarta Buzuwa, doguwa mai sanyin magana, ta girmi babbar ɗiyata da shekara biyu kacal. Abin da ya fi ba ni haushi da ita shi ne ba ta da laifi. Na nemi laifin, Allah ya sani na nema, ban samu ba. In na shiga gidan ta durƙusa har ƙasa, "Yaya sannu da zuwa," ta kawo hura mai sanyi. Ka ce me za ka yi da irin wannan?

Shekara ta biyu da zuwan Inna yanar ido ta rufe mata gani, ƙafafun ma suka fara ƙi. Daga ƙofar ɗakinta zuwa randa taku goma sha ne, amma sai da mai riƙe ta. Sai kula da tukunyar ta koma hannun yarinyar nan. Inna tana zaune a tabarma tana ba da umarni, ita tana yi. Daga nan fa na shiga uku. Duk baƙuwar da ta shigo sai Inna ta sa an tsinko mata ganye ta shinshina, sannan ta kira sunan yarinyar, cikakken suna, da daɗi a bakinta, ta ce hannun ɗiyar nan albarka gare shi, ko tsakuwa ta dasa sai ta yi toho. Ɗiyata, haka take ce mata. Ina zaune a gefe kan kujera 'yar tsugunno, ni da ta haifa, ina murmushin dole har kumatuna su yi ciwo. In na fito sai in yi ta faɗa ni kaɗai a hanya. Wace albarka? Ruwa ne fa take zubawa. Jaki ma in ka ɗaura masa bidon ruwa mai huji zai shayar da ɗoɗɗoya.

Mijina ya gaji da jin zancen. Ya ce mace da jikokinta tana kishi da 'yar cikinta a kan ganyen shayi, in mutane suka ji ai dariya za su yi. Na ce su yi. Na ce shi da yake ɗa na huɗu a gidansu, uwarsa tana kiran sunansa tun daga ƙofar gida har maƙwabta su ji, ina zai gane. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Sai na ce bari in nuna musu noman ɗoɗɗoya. Na sa aka kawo mini tsofaffin tayoyin mota guda shida na jera a bayan ɗakin girki. Na sayi irin nan na cikin takarda mai hoto da ake kawowa daga waje, wanda 'yan boko suke ce wa bazilik, kore da kuma wani mai launin makuba. Na tafi har bakin tabki wajen wani tsoho mai garka, wanda ya yi shekaru yana sayar wa ma'aikata salati da ganyen miya, na ce ya koya mini. Mutumin kirki, ya ajiye gwangwanin ban-ruwansa ya zauna da ni. Ya ce sirrin ɗaya ne, kada ka bar ta ta yi fure. Da ta nemi fitar da kai sai ka tsinke da farce, inda ka tsinke reshe biyu zai fito, ka sake tsinkewa su zama huɗu. In ta yi fure ta gama aikinta ke nan, ganyen ya ƙanƙance, ta fara shirin mutuwa. Ya ba ni takin zamani, wanda muke ce wa angire, fari kamar gishiri, ya ce abin da yatsu uku suka ɗauka ya isa, a sa nesa da gindi, a bi da ruwa mai yawa. Har na miƙe ya ƙara da cewa in ina son iri in bar ƙafa ɗaya kada in taɓa ta. Na ce to, alhali hankalina yana kan tayoyina.

Kai, abin ya yi kyau. Cikin wata biyu bayan ɗakin girkina ya cika, ganye kamar tafin hannun jariri, yana sheƙi. Abokan aikina suka riƙa zuwa kallo bayan an tashi daga lakwal. Ranar wata Juma'a na yanko dami guda, na wanke, na sa sabon zane, na tafi gidan autanmu ina tafe ina tsara yadda abin zai kasance. Na ajiye a gaban Inna na ce daga gidana ne, ni na shuka. Ta laluba ta ɗauki reshe ɗaya, ta murza, ta kai hanci. Na zuba mata ido kamar yarinya ranar jarrabawa. Sai ta ce wannan ta Nasara ce. Ta kira surukarta ta miƙa mata damin, ta ce a sa a miya kada ya lalace. Shi ke nan. Yarinyar ce ma ta yi ta yabawa, wai Yaya ba ta taɓa ganin irin wannan ba, ni kuwa kamar in ce mata wa ya tambaye ki. Na koma gida ban ci tuwon dare ba.

Ana nan sai yarinyar ta samu ciki, na fari. Kamar yadda aka saba, da ya tsufa iyayenta suka aiko a kai ta gida ta haihu a can, ta yi wankan jego, sai ta yi arba'in ta dawo. Ta tafi tsakiyar damina. Inna ba za ta zauna gidan suruki, wato gidan mijina, ba ko za a yanka ta, saboda haka ni ce zan riƙa zuwa kullum in yi mata girki da wanka. An yi hutun lakwal, lokaci gare ni. Ranar tafiya yarinyar ta ja ni bakin randa da ƙaton cikinta, tana nuna mini moɗa nawa take zubawa da safe, nawa da yamma. Ni take koya wa! Na ce ta je kawai Allah ya raba lafiya, na san ɗoɗɗoya tun ba a haifi uwarta ba. Ƙarya ce, uwarta ta girme ni, amma na faɗa.

Da motarsu ta tashi na tsaya na ƙare wa tukunyar kallo. Ƙafa uku ne dogaye sirara, ganye jefi-jefi, kowace ta fara fitar da kan fure. Wannan ce abar da ake cika mana kunne da ita? Na ce a raina, kafin yarinyar nan ta dawo sai na mai da tukunyar nan abin kallo. Ranar da za ta dawo mata za su cika gidan don ganin jariri, su ga yadda ta bar ta, su ga yadda ta tarar. In Inna ba ta gani, ai tana ji. Za ta ji mata suna tambaya hannun wa ya yi wannan, kuma dole wani ya ba su amsa a gabanta.

Na sa farce na tsinke kawunan nan duka. Na kwashe tsohuwar ƙasar sama da ta yi tauri na zubar a juji, na kawo sabuwa daga gidana na cika. Na sa angire yatsu uku, nesa da gindi, yadda aka koya mini. Ba wai ban san da zancen iri ba, na sani sarai. Lissafina shi ne a yi taron a gama, a faɗi abin da nake son ji, sannan in ƙyale ta ta yi furenta. Sati shida ko bakwai ne kawai za a jinkirta, me zai faru?

Kullum da safe in na zuba ruwa sai Inna ta yi tambaya. Ba ni take tambaya ba, iska take tambaya, haka take yi in magana ta zama dole tsakaninmu. Sai ta ce ko abin can ya yi fure. Ni kuma in ce tana nan ƙalau. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, har ina jin daɗin wayona. Ɗoɗɗoyar kuwa ta amsa. Inda na tsinke biyu suka fito, biyun suka zama huɗu, ta cika bakin tukunyar ta zubo. Ganyen ya ninka girmansa. Wata safiya na sa mata a shayi, ta kurɓa ta ce ganyen bana ya yi ruwa. Na ce damina ce. A raina kuwa na ce da waccan ce ta dafa da an ce ya fi na kullum.

Kwana arba'in ɗin nan da 'yan kai, ni da Inna mu kaɗai a gida tun safe har autanmu ya rufe shago. Na yi mata wanka, na yanke mata farce, na tsefe mata kai na yi mata kitso. Na ɗauka ko a nan wani abu zai faɗo daga bakinta, tunda ba kowa. Ina! In na gama ta ce Allah shi yi albarka, irin wadda ake yi wa mai tallan ruwa. Sauran hirarta duk ta Takanamat ce. Ko an sauka lafiya, ko ruwan wankan yana da zafi yadda ya kamata, ko suna ba ɗiyata kunun kanwa. Da labari ya zo an samu mace, ta yi guɗa da muryarta ta tsufa har ta shaƙe. Na ba ta ruwa, ina tunanin ko da aka haifi tawa ɗiyar ta fari ta yi guɗa. Ba ta yi ba, ina nan, na tuna.

Saura kwana huɗu su dawo sai na ga kamar ganyen ƙasa ya ɗan yi fari. Damina ta ɗauke, rana ta fara zafin nan na kaka. Na ce ba za a yi haka da ni ba, ana gab da taro. Na kwance ledar angire na ɗebi cike da hannu, ba yatsu uku ba, na zuba har jikin gindin, don ya yi saurin kamawa. Washegari ganyen ya sunkuya. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Da aka ƙara kwana bakin ganyen ya ƙone kamar an kara masa wuta. Na tone ƙasar da hannuna, na wanke saiwar, na yi duk abin da na sani. Ranar da mai jego ta dawo da yamma, ƙafa biyu sun bushe, ta ukun tana tsaye ne kawai. Na jawo turmi da wani tsohon buhu na kare tukunyar. Mata suka cika gida, aka yi ta ɗaukar jaririya, ba wadda ta ko dubi wajen randa. Na sulale na tafi tun ba a watse ba.

Da sassafe na dawo, kafin in wuce lakwal, don an koma aiki satin. Na gamu da autanmu a zaure zai fita, muka gaisa a can. Cikin gida ban yi sallama ba, kunya ta hana ni, so nake in duba ko ta ukun ta farfaɗo in fita ba wanda ya ji. Wajen randa ya jiƙe, sai na tuɓe takalmina na aiki na zura silifan yarinyar da na gani a gefe. Ita tana bayan ɗaki tana yi wa jaririya wanka, ina jin kukan. Na janye buhun. Ba ta farfaɗo ba. Duk da haka na ɗebi ruwa a moɗa na zuba, ban san dalili ba.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da tasbaha. Ta ji takun silifan, ta ji zubar ruwa, sai ta kira sunan yarinyar. Da wata murya ta kira, ƙasa-ƙasa, mai taushi, wadda ban taɓa jin ta da ita ba duk tsawon rayuwata.

Ta ce, "Ɗiyata, kin ga furen ya bushe? Ki murje shi yau ki ƙulle. Bana waccan za ki kai ma."

Na tsaya da moɗa a hannu.

Ta ce, "Nata ne tun asali. Uwata ta ce in ba ta, ni ce na riƙe, don in na ba ta ban da sauran abin da zan aje mata. Kwana arba'in ɗin ga ta wahala da ni. Hannunta irin na uwata ne, in tana mini kitso har barci nike. Kar ki ce ni na ce. Ki ce ke kika ɗiba mata."

Abin da na jira shekara hamsin ga shi an faɗa, a kunnena, ina sanye da takalmin wata. In na yi magana ta gane ni ce, na kunyata ta kunyar da ba za ta sake ɗaga kai a gabana ba. In na yi shiru tana jiran amsa. Kuma ga tukunyar a gabana, kara uku busassu, babu fure ko ɗaya, ni na tsinke su da farcena ɗaya bayan ɗaya. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. A cikin wannan halin ma sai da kishi ya soke ni. Ashe haka take magana da ita kullum in ba na nan. Ashe muryar nan tana nan, ni ce ba a yi wa amfani da ita.

Sai na ji motsi a bayana. Yarinyar ce, da jaririya a naɗe cikin zane, ƙafarta ba takalmi. Ta dubi tukunyar, ta dubi ƙafata, ta dube ni. Ban san me ta gani a fuskata ba. Ta matso daf da kafaɗata, yadda muryarta za ta fito daga inda nake tsaye, ta ce, "To, Inna." Na zare silifan a hankali, na ɗauki takalmina a hannu, na fita da sanɗa kamar ɓarauniya. Ranar ban san abin da na koya wa yara ba.

Asabar na hau mota na tafi ƙauyen kakata. Gidan ya zube, an yi gona a wurin. Na bi 'yan uwa gida-gida ina tambaya. Wata ta nuna mini ta daji, wata ta nuna mini babbar nan ta sirace, wata tsohuwa ta ce ta tuna da mai jan kara ɗin, amma rabonta da ita tun rijiyar unguwarsu ba ta ƙafe ba. Suka ce ai uwarki ce mai ita, kuma ba ta ba kowa. Na biya Barmu ranar kasuwa, na shinshina duk wani ganye da aka kasa a faifai har masu kayan suka fara kallona. Na koma wajen tsohon mai garka da busasshen kara a leda. Ya murza, ya shinshina, ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Ya tambaye ni nawa na zuba, na nuna masa hannuna. Ya juya ya ci gaba da ban-ruwansa.

Yarinyar ta yi ta jan Inna da dabara har kwana tara. Yau ta ce bai gama bushewa ba, gobe ta ce jaririya ta hana ta. Ni da ita ba mu taɓa zancen ba. In na zo ta durƙusa ta gaishe ni ta kawo hura kamar kullum, ni kuma in kasa haɗa ido da ita. Na yi niyyar faɗa wa Inna, kullum da niyyar nake fitowa daga gida. In na zauna a gabanta sai in tuna ta ce hannuna irin na uwarta ne, in ji ba zan iya mayar da wannan ba.

Rana ta goma, da la'asar, ina gidan, ga maƙwabta biyu sun shigo ganin jaririya. Inna ta gaji da jira. Ta dafa bango ta miƙe ta ce a kai ta bakin randa. Ba wanda ya motsa, sai ta fara takawa ita kaɗai, dole yarinyar ta miƙa wa maƙwabciya jaririyar ta kama tsohuwar. Inna ta durƙusa gaban tukunyar ta miƙa hannu. Karan ya karye a yatsunta. Ta laluba na biyu, ta laluba na uku, ta bi su har sama tana neman kan fure. Ta tona ƙasar ta kai hanci. Sannan ta tambaya wa ya yi wannan.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Yarinyar ta riga ni. Ta ce ita ce, wai kafin ta tafi ta binne takin zamani a gindin don kada ta rame a bayanta, ta kuma tsinke kawunan, ba ta san zai yi haka ba, Inna ta yafe mata.

Ko Inna ta yarda, ko ba ta yarda ba, har yau ban sani ba. Wadda ta gane ganyen ya yi ruwa daga kurɓa ɗaya ba ƙaramar mai lura ba ce. Ta fuskanto wajen da nake zaune, sannan ta juya ga surukarta ta fara. Ban taɓa jin Inna ta yi faɗa irin na ranar ba. Ta kira sunanta ya fi sau ashirin. Ta ce mata marar hankali, ta ce mata mai rawar kai, ta ce abin da uwa da kaka suka riƙe cikin fari da yunwa bai mutu ba sai a hannunta. Ta ce wa ya aike ta, wa ya ce mata ganye ake nema. Tana faɗa tana kuka, tana riƙe da hannun yarinyar gam, ba ta saki ba. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana cewa ta tuba. Maƙwabtan suna ta ba da haƙuri, ɗaya ma ta juyo ta ce in sa baki mana, ni ce babba.

Ban sa ba. Ina zaune a kan kujerata, taku uku tsakanina da su, hannuwana a cinya. Ni na yi aikin, kowace kalma a cikin faɗan nan tawa ce, kuma da za a ba ni da na karɓa da hannu biyu, a gaban maƙwabtan, har da zagin. Shi ma ita aka ba.